Musayar waƙa: hawan doki ba sirdi

Ɗan Matan Fada, Argungu:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya Baffa ya ce in kai akawal ɗinsa wanka gulbi, ga shi sirdin yana wurin baduku ana ɗinkin majayi. Haka na hau shi. Amsa-amo "ki" ne, duk mai shigowa ya riƙe.

Na taka turmi, na damƙi geza,
Na wurga ƙafa bisa bayan doki.

Ba likkafa, ba kwacciya ta dafawa,
Ragama ɗai ce a hannuna na aiki.

Ɗumin fatarsa ya ratsa wando,
Numfashinsa ina jin shi a jiki.

Tafiya lami lafiya har bayan gari,
Sassarfa ce ta hana ni buɗe baki.

Ƙashin gadon bayansa kamar gefen galma,
Kowane taku sai na ji shi har ciki.

Jikan Malam, Gwandu:
Bakabe, wa ya aike ka?

Ku da kuka gaji homa da gora,
Mi ya kai ku ga dabbar mulki?

Da jirgin ruwa ka hau ka huta,
Shi bai firgita don an busa kakaki.

Faɗi gaskiya don girman Allah,
Da ƙafa ka dawo ko bisa doki?

Ɗan Matan Fada:
Sannu ɗan Fulani, buɗe tarihi,
Kabi ba baƙuwa ba ce ga yaƙi.

Kanta ya ƙi Askiya kan rabon ganima,
Ya zauna Surame yana mulki.

Tun 1934 aka ɗaure zumunci,
Da Sarkin Musulmi Hassan ya zo biki.

Kifinmu kuka ci kuna santi,
Yau kuma ka zo kana min tsaki.

Tsohon Ɗan Barga, Jega:
Ku bar faɗan kakanni, yaron nan shawara yake bukata. Mu haka muka fara, ba a ba yaron barga sirdi sai ya iya zama ba shi.

Ɗana, matso gaba, bayan kafaɗa,
Zama kan ƙugu shi ka tunzura doki.

Matse da cinya, sake ƙafafu,
Kar diddige ya taɓa shi a ciki.

In ka taɓa, ka ce masa ruga,
Kai kuma ka ja shi, ka ruɗa aiki.

In ka ji za ka zame, kama geza,
Ragama ba sanda ba ce ta jiki.

Sukuwa ta fi sassarfa daɗin zama,
Wanda bai hau ba zai yi mamaki.

Kun shiga gulbi yana dukan ruwa da kofato?
Kwanciya zai yi, ɗaga kansa da hanzarin kirki.

Bayan wanka bar shi ya sha iska,
Jiƙaƙƙen baya santsi gare shi, ba sauƙi.

Yaya Ta-Bunza:
Baba ya gama magana. Ni tawa ta wanki ce.

Ƙanena, farin wandon shadda ka sa?
Zufa da gashi sun yi masa ado baƙi.

Kada ka tura wa Inna da ƙannenka,
Sayi sabulu ka nufi tafki.

Jikan Malam:
Na ji Kanta, na ji Surame, na ji santi.

Tambaya ɗaya na yi, ka kewaye,
Wa ya riga isowa, kai ko doki?

Ɗan Matan Fada:
Allah ya saka, Baba, gobe zan gwada. Yaya, tsohon wando na sa. Kai kuma na Gwandu:

Tare muka shigo, ina bisa bayansa,
Baffa na ƙofa, tambaye shi da baki.

Sai dai tuwon dare a tsaye na ci shi,
Rub da ciki na kwana a ɗaki.