Autanmu ya ajiye karatu wai sai ya zama ɗan resilin, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum. Masu kula da zauren nan don Allah a sakaya sunana.

Ni ce babba a gidanmu, muna zaune a Unguwar Rogo a nan Jos. Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, ni da Umma muke riƙe da gidan da ɗan ɗinkin da nake yi. Autanmu shekararsa 20, yana shekarar farko a poli. Allah ya ba shi tsawo da ƙira, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin Umma. Tun yana firamare ba shi da abin so sai resilin, kuɗin tara ma tarawa yake ya kai gidan kallo. Muka ɗauka ƙuruciya ce.

Yanzu ya daina zuwa makaranta. Da asuba, duk sanyin nan, yana gidan ɗaga ƙarfe a wajen Farin Gada. Da yamma shi da abokansa su jawo tsohuwar katifar Umma su shimfiɗa a soro suna ɗaga juna suna makawa. Watan jiya ya ɗaga yaron maƙwabtanmu ya sake shi, rabin jikin yaron a katifa rabi a siminti, kafaɗa ta goce. Ni na biya kuɗin hoto da na ɗori, na je ban haƙuri har sau uku.

Abin da ya hana ni barci shi ne wani mutum da suka haɗu a Instagram, ya ce masa shi wakili ne, zai sama masa gurbin gwaji a WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, da biza, a kan naira dubu ɗari tara. Shi ne yaron nan ya ce a sayar da ɗan filin da Baba ya bari a ba shi kasonsa. Sannan ranar Juma'a ina neman almakashina a ɗakinsa na ga wasu ƙananan kwalabe da sirinji a cikin takalmi. In na yi magana sai ya ce, "Yaya, Omos da Oba Femi ba 'yan Najeriya ba ne?" Ni ban ma san su ba. Umma ba ta da aiki sai kuka. Ya zan yi?

Abban Nana: Wa alaikis salam. Kada a ba mutumin nan ko ficika. WWE ba ta karɓar kuɗi a hannun wanda ta gayyata gwaji, kuma bizar Amurka ba a sayen ta a Instagram, mutum da ƙafarsa yake zuwa ofishin jakadanci a Abuja ko Legas a yi masa tambayoyi. Ki ce ya nemi mutumin su haɗu ido da ido a ofis, ki ga yadda zai fara kame-kame.

Tsohon ɗan jifa, Bukuru: 'Yar uwa, yaron bai yi ƙarya ba, mutanen nan biyu 'yan Najeriya ne, haifaffun Legas. Amma labarin nasu rabinsa ya sani, bari in cika masa.

Omos, sunansa Tolulope Omogbehin, tsayinsa ƙafa bakwai da inci uku. Ƙwallon kwando ce ta kai shi jami'a a Amurka, ya buga wa wata jami'a a jihar Fulorida, sai a 2019 WWE ta ɗauke shi. Ya yi wajen shekara biyu ana horar da shi yana tsayuwa a bayan wasu kamar mai gadi, kafin 2021 ya ci kambun 'yan bibbiyu tare da AJ Styles. Shi kuwa Oba Femi, Isaac Odugbesan, irin wasan da na yi a ƙuruciya ya yi, jifan dalma, wannan ƙwallon ƙarfe da ake ɗorawa a gefen wuya a wurga. Da ita ya samu karatu a Amurka har Jami'ar Alabama. Yana ɗalibi kamfanin ya ɗauke shi a ƙarshen 2021, a wani shiri da suke yi wa 'yan wasan jami'o'i. Janairun 2024 ya ci kambunsa na farko a NXT, sashen WWE na masu tasowa, Janairun 2025 ya ci babban kambun na NXT.

Kin ga dukkansu ta ƙofar makaranta suka shiga, da wasan da ake auna bajintar mutum da tef da agogo. Ba wanda ya je da bidiyon katifa a soro. Kamfanin nan yanzu 'yan wasan da suka riga suka ƙware a wani fanni yake farauta, ya kai su cibiyarsa ta Olando ya koya musu sauran. Wato makarantar da ya gudu ya bari, ita ce hanyar da yake nema. Ki gaya masa haka da bakinki, ko ki ba shi wayar ya karanta.

Shawarata, ya koma poli, ya nemi mai kula da wasanni ya ce yana son jifa ko ɗaga ƙarfe ko kokawa. Akwai gasar NIPOGA ta makarantun poli, akwai gasar wasanni ta ƙasa. Ya kuma riƙa leƙawa filin wasa na Rwang Pam da safe ya tambayi masu horarwa. Yaro mai irin wannan jiki ba a kore shi.

Maman Iklima: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni kwalaben nan ne suka fi tayar min da hankali fiye da filin. Fili in ya tafi ana iya sayen wani. In allurar kumbura tsoka ce, wadda samarin gidajen ɗaga ƙarfe ke yi wa juna a ɓoye, tana taɓa hanta, tana hawar da jini, tana kumbura zuciya. Kuma ki gaya wa kawunsa ya faɗa masa a keɓe, don ke ba za ki iya ba: tana ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, tana iya hana haihuwa, wasu har nono yake fito musu. Wannan kaɗai yake sa samari su nutsu. Ki lura ko ƙuraje sun feso masa a baya da kafaɗa, ko ya koma mai saurin fushi. Kada ki zubar da kwalaben, ki ɗauki hotonsu ki kai wa likita, a auna masa jini da hanta. In kuma sirinji ɗaya suke karɓa-karɓa da abokai, a yi gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau.

Kawu Ɗanlami: Ƙoshi ne. Ku kai shi kasuwar Farin Gada ya yi dakon buhun dankali na wata ɗaya, ya ɗaga ƙarfen a biya shi. In bai dawo hankalinsa ba a yi masa aure.

Maman Iklima: Kawu, wanda ke cin ƙwai shida da safe a aljihun yayarsa, wa zai ciyar da matar?

Ɗan gidan kallo: Anti, na fi shekara ashirin ina kallon abin nan, bari in faɗa miki yadda yake. Resilin shiri ne. Kafin a fito an riga an san wanda zai ci, akwai marubuta, alƙalin ma da na'ura a kunnensa ana gaya masa saura minti nawa. Shi ya sa ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, sai ya iya magana da Turanci a gaban dubban mutane ya sa su so shi ko su tsane shi. Ki tambayi ƙanen naki ko ya taɓa riƙe makirfo.

Amma faɗuwar ba shiri ba ce. Dandamalin nan da ake gani kamar katifa, ƙarfe ne aka jera katako a kai, aka ɗora siririn soso aka rufe da tamfol. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga ba duka ba ne, faɗuwa ce: ka manne haɓa a ƙirji, ka sauka da faɗin baya, ka buga hannuwa biyu a ƙasa lokaci ɗaya, ka tashi ka sake, har sai jiki ya haddace. Wanda ake ɗagawa shi ma taimakawa yake, yana tsalle yana dafa cinyar mai ɗagawar. Yaron maƙwabtanku bai san wannan ba, ƙanenki ma bai sani ba, Allah ne ya taƙaita abin ya tsaya a kafaɗa.

Ko ƙwararrun ba su tsira ba. A 1999 wani da ake kira Droz, ɗagawa ɗaya ta kuɓuce ya sauka da ka, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu har ya mutu a 2023. A 1999 ɗin dai Owen Hart ya faɗo daga rufin zaure ana sauko da shi da igiya, ya mutu yana ɗan shekara 34. Big E, wanda Apollo Crews, ɗan asalin Binuwai, ya karɓe wa kambu a 2021, a watan Maris na 2022 aka wurga shi ya sauka da tsakar kai, ƙashin wuya ya karye a wuri biyu. Mutumin da ya taɓa riƙe babban kambun kamfanin ne fa. Eddie Guerrero kuwa zuciya ce ta buga masa a ɗakin otel a 2005 yana da shekara 38, bayan nan ne kamfanin ya fara gwajin ƙwayoyi da gaske. Don haka allurar da yake yi ma kora za ta jawo masa ko da ya isa can.

Sai batun aikin kansa. Ba ma'aikata ba ne irin na gwamnati, 'yan kwangila ne, ba fansho, kuma ana iya sallamar mutum da kiran waya ɗaya. Kofi Kingston, haifaffen Kumasi, shekara goma sha ɗaya ya yi yana faɗuwa mako-mako kafin a ba shi babban kambu a 2019, bayan wata shida aka karɓe a wasan da bai kai daƙiƙa goma ba. Ranar nan gidan kallonmu tsit ya yi, wani har ya ƙi biyan kuɗin shiga.

Malam Abu Sumayya: Kokawa a kanta ba laifi ba ce, an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Abin dubawa a wannan ta talabijin shi ne bayyana tsiraici, da bugun fuska, da jefa kai cikin halaka. Game da fili kuma, ina jan hankalinki: kasonsa haƙƙinsa ne, ba a hana shi da ƙarfin tsiya. Amma shari'a ta san wanda bai iya riƙon dukiya ba, ta ce a jira har a ga shiriya a tare da shi. Ku kira 'yan uwan mahaifinku da limamin unguwa a zauna da shi, kada ke kaɗai ki zama abokiyar gabarsa.

Ɗan gidan kallo: Malam, akwai Musulmi a cikinsu da ke sa dogon wando, irin su Sami Zayn, har Umara ya yi a 2023. Amma dai maganarka tana nan.

Ummu Haidar, Gangare: Ni dai kada a taru a kashe wa yaro zuciya. Ahmed Musa a garin nan aka haife shi, da an hana shi ƙwallo fa? Yaron da zai tashi da asuba a sanyin Jos ya tafi motsa jiki ba malalaci ba ne, mai nuna masa hanya ya rasa. In kokawa yake so ga ta gaske nan. Blessing Oborududu ta ciyo wa Najeriya azurfa a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021. Daniel Igali ɗan Bayelsa ya ci zinare a 2000 da tutar Kanada, ya dawo gida ya shugabanci hukumar kokawa. Kurt Angle ma da yaran nan ke yi wa ihu, sai da ya ci zinaren Olamfik a 1996 kafin ya shiga resilin. Ga kuma tamu ta gado, a Nijar duk shekara ƙasa ke tsayawa cak saboda gasar takobi. Ki yi ciniki da shi: ya koma aji, ya bar allura, ke kuma ki tsaya masa a kan wasa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na miƙa masa wayar ya karanta. Da farko ya yi fushi wai na kai shi duniya, sai ya zauna a bakin gado ya yi shiru a kan bayanin Baba na Bukuru, ya maimaita shi ya fi sau biyu. Ya rubuta wa mutumin cewa zai zo ofishinsa da kawunmu, mutumin ya ce ofis yana gyara, a fara turo rabi. Da safe muka ga ya toshe shi. Maganar fili ta kwanta. Allurar ya ce sau uku kawai aka yi masa, ban yarda ba, Litinin za mu je asibiti. Makaranta ce har yanzu bai ce e ba bai ce a'a ba. Katifa kuma Umma ta sa an mayar mata ɗaki. Baba na Bukuru, ya ce in tambaye ka, dalmar maza kilo nawa ce?

Tsohon ɗan jifa, Bukuru: Kilo bakwai da ɗan ɗoriya. Ki ce ya same ni a ƙofar filin Rwang Pam ranar Asabar ƙarfe bakwai, ya zo da takalmin gudu da katin makarantarsa. In babu katin kada ya zo.