Wai Waye Uban Blues?

Ɗan Sabon Gari: Jama'a, ni dai raina a ɓace yake. Mujallar Rolling Stone ta jera gwanayen jita 250 a 2023, wai Eric Clapton ne na 35. Mutumin da su da bakinsu suka ajiye a na biyu a 2011! Yatsunsa ne suka gutsure a tsakani? Wannan cin mutunci ne. Clapton uban blues ne, kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen Amurka, ko a so ko a ƙi.

Kawu Mai Faifai: Uba? Yaro, sake karanta abin da ka rubuta. An haifi Clapton a Ingila a 1945. Robert Johnson ya rasu tun 1938, kuma Crossroads ɗin da Clapton ya kaɗa kuke yi wa ihu waƙar Johnson ce da ya ɗauka a 1936. Ɗa ne ya haifi ubansa?

Ɗan Sabon Gari: Haba Kawu, uba da na ce ai nufina gwani.

Kawu Mai Faifai: To ka ce gwani. Uba yana Mississippi. Je ka saurari B.B. King. Ba ya gudun famfalaƙi a kan jita, tsirkiya ɗaya zai danne ya girgiza wuyan hannu, sautin ya yi ta rawa har tsigar jikinka ta tashi. A garin Twist na Arkansas wasu maza biyu suka kaure da faɗa a gidan rawa, suka ture garwar kananzir, gobara ta tashi. Ya fita, ya tuna jitarsa na ciki, ya koma cikin wutar ya ɗauko ta. Daga baya ya ji a kan wata mace mai suna Lucille aka yi faɗan, sai ya raɗa wa jitar sunan. Wannan shi ne uba.

Bahago (shugaban zaure): Kawu, labari ka ba mu, ba kiɗa ba. Naka ya ceto jita daga wuta, namu Jimi Hendrix da hannunsa ya cinna wa tasa wuta a Monterey a 1967, kuma har gobe shi ne na ɗaya. Bahago ne, ya juya jitar Stratocaster ta 'yan dama ya sake jera tsirkiyoyin. Yana da shekara 27 ya rasu, har yau ba a kamo shi ba.

'Yar Damagaram: Almubazzaranci kawai. Kuma duk uba uba kuke ta yi, ina uwa? Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jitar lantarki tun Hendrix yana rarrafe. Ita ce ta shida a jerin da kuke faɗa a kai, ko ɗayanku bai ambace ta ba.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, ba maganar mata ake yi ba.

'Yar Damagaram: To a yi ta gwaninka Clapton. A 1976 ya hau dandamali a Birmingham ya ce baƙi su fice daga Ingila, shi da ya ci abinci da kiɗan baƙar fata. Uban wa?

Ɗan Sabon Gari: Ai a buge yake, kuma ya nuna nadama daga baya. Kiɗa muke aunawa, ba hali ba.

Ɗan Agadas: In asali ake nema ku bar Amurka ku dawo gida. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali ya ci lambar yabo ta Grammy da faifan Talking Timbuktu tare da Ry Cooder. A Nijar muna da Bombino, muna da Mdou Moctar wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, shi ma bahago. Ku a Najeriya wa kuke da shi?

Mai Shayi: Ɗan Maraya Jos. Tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, ya yi abin da masu shida suka kasa.

Ɗan Agadas: Kuntigi ba jita ba ne, malam. Da ma ina za ku jona ta lantarki, ku da kullum an ɗauke wuta?

Mai Shayi: Wutar da kuke cajin waya da ita daga ina take zuwa? Ka tambayi Kainji.

Ɗan Agadas: Kyauta kuke ba mu?

Alaramma: Ku ji tsoron Allah, an kira la'asar kuna musu a kan makaɗa.

Bahago (shugaban zaure): Gaskiyar Malam, a rufe haka. Abin da zaure ya tsayar: kowa ya amince Hendrix ne na ɗaya, ba wanda ya kawo hujjar da ta girgiza shi. B.B. King dattijo ne, a girmama shi. Mdou Moctar yana da makoma tunda bahago ne. Shi kuwa Clapton, 35 ɗin ma alfarma aka yi masa. Duk wanda ya sake tayar da zancen wuta zan cire shi.

Kawu Mai Faifai: Yaushe kowa ya amince? Ni ban amince ba.

Ɗan Sabon Gari: Kuma har yanzu ba wanda ya faɗa min dalilin saukar da shi daga na biyu.