Neman kalma: me za mu kira CPAM a rediyo?

Binta: Salamu alaikum. Gobe da safe nake da shirin lafiya, likitan yara zai yi bayani kan CPAM. Tun a ciki wani sashen huhun jariri yake tsirowa da ƴan jakunkuna maimakon naman huhu na ƙwarai. Yawanci a hoton ciki na wajen mako 20 ake ganinsa. Ku agaza min da Hausarsa.

Malam Sani: Ƙarin huhu.

Nas Hauwa: Malam, kar a ce ƙari. Uwa na jin ƙari sai hankalinta ya tafi kan ciwon daji. Alhali wani ma yakan motse kafin haihuwa, wani jaririn kuma a haife shi lafiya lau, sai daga baya limoniya ta riƙa dawo masa a wuri ɗaya. Na ga wanda aka haifa yana numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa, aka cire sashen da ya lalace, ragowar huhun ya cike gurbin.

Baba Ɗanlami: Huhun saƙar zuma! Ramuka ne jere, ko ba haka ba? Kuma ƴata, "limoniya" ba Hausa ba ce. Ciwon haƙarƙari muka gada.

Nas Hauwa: Baba, wani rami ɗaya ne babba. Ba kowanne ke kama da saƙa ba.

Baba Ɗanlami: Sai ku zauna da CPAM ɗinku. Bature da kansa ya sauya suna, da CCAM yake cewa, amma mu ne ba mu isa mu raɗa namu ba?

Issoufou: Mu a Zinder lokotoro MAKP yake rubutawa, da Faransanci. Kanawa ku riƙa tunawa da mu in za ku yanke.

Malam Sani: Ina ruwan Kano a nan kuma?

Binta: Don Allah, dare na yi.

Nas Hauwa: Ki ce "tawayar huhu ta haihuwa", sannan ki ƙara da "mai jakunkunan iska". Ki kuma jaddada cewa ba wani abu da uwa ta ci ko ta aikata ba ne, don surukai ma suna saurare.

Malam Sani: "Ta haihuwa" zai sa a ɗauka wajen naƙuda aka same ta. "Tun daga ciki" ya fi.

Binta: Tawayar huhu tun daga ciki. Na ɗauka, na gode.

Baba Ɗanlami: Ya yi tsawo. Amma ki ambaci saƙar zuma ko sau ɗaya, ki ji abin da masu kira za su ce.