Kashe NameDrop a iPhone: Shawarwarin masu gyaran waya a Ƙofar Ƙaura

Hirar majalisar masu gyaran waya a Ƙofar Ƙaura ta tsaya kan NameDrop, wanda kamfanin Apple ya zo da shi cikin iOS 17 a 2023. Da shi, in ka kara kan iPhone ɗinka da na wani, sai ku yi musayar lamba. Fargabar mutane ita ce a cikin Keke Napep ko cunkoson kasuwa wani ya kwashe lambarka ba ka sani ba. Masu gyaran suka ce hakan ba ya faruwa haka siddan: sai wayoyin sun kusa haɗuwa, taka tana buɗe, sannan ka danna amincewa da hannunka.

Duk da haka yawancinsu sun ce a kashe shi, musamman a wayoyin yara, kuma ina tare da su, domin yaro yakan danna abu bai karanta ba. A shiga Settings, sai General, sai AirDrop (hanyar tura hotuna da fayiloli tsakanin wayoyin iPhone da ke kusa), a kashe Bringing Devices Together. Wani dattijo ya ƙara da cewa tunda an shigo nan, a mayar da AirDrop kan Contacts Only, wato masu lamba a wayarka kaɗai. Masu Android kuwa su leƙa Quick Share, wato irin AirDrop ɗinsu, su hana wayarsu bayyana ga kowa da kowa.