Ofishin jakadanci mai tattalin wuta da ruwa: yaya za a yi da maganar tsaro?

Ɗalibar Zane:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana game da aikin da aka ba mu a shekarar ƙarshe ta karatun zanen gine-gine, wato tsara sabon ofishin jakadanci a wata ƙasa mai zafi, bisa sharaɗin cewa ginin zai yi tattalin wutar lantarki da ruwa. Inda gizo ke saƙar shi ne, dabarun da aka koya mana na sanyaya gini ba tare da na'ura ba duk suna buƙatar tagogin da ake buɗewa domin iska ta ratsa, alhali ƙa'idojin tsaro suna neman katanga mai kauri da gilashin da ba ya buɗuwa. Shin akwai ginin da ya haɗa biyun da gaske, ko kuwa dole ɗaya ya haƙura?

Tsohon Magini:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yana da kyau ki fara sanin tarihin waɗannan ƙa'idoji. Bayan hare-haren bam da aka kai wa ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam ranar 7 ga Agusta, 1998, majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 1999 wadda ta wajabta tazarar ƙafa 100, kimanin mita 30, tsakanin sabon gini da iyakar filinsa. Wannan tazara ita ce dukiyar mai zane, domin fili ne da za a iya cika shi da bishiyoyi masu inuwa, da tankunan tara ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa, da rumfunan farantan sola.

Ki duba ofishin jakadancin Amurka na Landan da aka buɗe a unguwar Nine Elms a watan Janairu na 2018, wanda kamfanin KieranTimberlake ya zana. Tafkin da ke gefensa yana hana mota kusantar ginin, yana kuma tara ruwan sama, sannan an lulluɓe ɓangarori uku na gilashin da wata irin roba mai shara-shara da ke rage zafin rana, aka bar ɓangaren arewa ba lulluɓi saboda rana ba ta dukansa. Wanda ya fi dacewa da aikinki kuwa shi ne na Suwizalan a Nairobi, da aka kammala a 2016, inda katangar tsaro ta jan kankare ta kewayo ta zama bangon ginin kansa. Kaurin da tsaro ke nema shi ne kaurin da ke tare zafin rana da yini, ya sake shi da dare.

Injiniyan Lantarki:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a wurare biyu. Ginin Landan ya ci kusan dala biliyan ɗaya, kuma a ƙasa mai sanyi yake, saboda haka ban ga abin da ɗaliba mai zana gini a ƙasa mai zafi za ta kwaikwaya a jikin akwatin gilashi ba. Haka nan bango mai kauri yana amfani ne inda dare ke yin sanyi. Nairobi tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, Addis Ababa kuma, inda Holan ta gina nata ofishin da ya samu lambar yabon zanen gine-gine ta Aga Khan a 2007, ta haura mita 2,300. A birnin gaɓar teku mai gumi da laima, bangon zai kwana da zafinsa ya wayi gari da shi. Kada kuma a manta cewa sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, don haka zuba kankare ba bisa lissafi ba ɓarna ce tun kafin a kunna ƙwan lantarki ko ɗaya.

Shawarata, 'yar'uwa, ki raba ginin gida biyu. Ofishin jakada da ɗakunan sadarwa da ma'ajiyar takardu su zama a rufe ruf, da na'urar sanyaya ɗaki, amma a taƙaita girmansu iya gwargwado. Sauran wurare, kamar zauren taro da ɗakin cin abinci da barandu, su fuskanci tsakar gida, inda taga za ta buɗu ba tare da ta kalli titi ba. Ki miƙar da ginin daga gabas zuwa yamma domin dogayen bangayensa su kalli arewa da kudu, ki kuma ƙanƙantar da tagogin yamma. Sola da batir da tankin ruwa su ma tsaro ne, domin ranar da tarzoma ta hana motar man dizal isowa, janareto ba shi da wani amfani. Abu na ƙarshe, kada ki zaɓi na'urar da sai an ɗauko mai gyaranta a jirgin sama.

Ma'aikacin Jakadanci:

Akwai mutanen da masu zane suka cika mantawa da su, wato masu neman biza, waɗanda ke tsayuwa a layi a wajen katanga tun da asuba. Rumfa mai inuwa da wurin zama da famfon ruwan sha ba su da tsada, kuma su ne abin da jama'ar ƙasar za su fara gani game da ƙasar da ta yi ginin. Sannan ki gyara wani zato da ya yaɗu, cewa filin ofishin jakadanci yanki ne na ƙasar da ta turo jakada. Yarjejeniyar Viyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta hana jami'an ƙasa mai masauki shiga harabar sai da izinin jakada, amma sashe na 41 ya wajabta mutunta dokokinta, don haka ƙa'idojin gini da na haƙa rijiyar burtsatse da na zubar da ruwan datti duk za su hau kanki.

Ɗalibar Zane:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Birnin da aka ba ni a bakin teku yake, saboda haka zan bi shawarar Injiniya ta raba ginin, in rage kankaren zuwa ɓangaren da ke fuskantar titi. Sai dai har yanzu ina neman wanda zai yi mini bayanin yadda ake lissafin girman tankin ruwan sama a wurin da damina ba ta wuce wata huɗu ba.