Tambaya: wace mota ce za ta kai mutum Askja a Aisland?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum. Ga wanda zai je dutsen Askja mai aman wuta a watan Yuli, ƙaramar motar haya za ta isa, ko sai jif? Kuma ta wace hanya ya fi?

Malam Direba: Wa alaikumus salam. Ƙaramar mota ba ta shiga. Duk hanyar da lambarta ta fara da F, sai mota mai ja da taya huɗu, kuma galibi ba a buɗe su sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Daga titi mai lamba 1 zaɓi biyu ne. F88 tana ratsa kogin Lindaá, wanda yake da zurfi. F905 zuwa F910 mashiganta sun fi sauƙi, ita zan ba baƙo shawara ya bi. Ka cika tanki a Mývatn ko Möðrudalur, domin bayan nan babu gidan mai.

Hajiya Bilki: Ɗan'uwa, ruwan shi ne babbar magana. Kogin da ke fitowa daga ƙanƙarar Vatnajökull yana ƙaruwa da rana saboda narkewa, don haka a tsallaka da sassafe. Kada a shiga inda ruwa ya kwanta luf, nan ne zurfin yake. A nemi inda ya faɗaɗa yana ɗan tsalle kan tsakuwa. A sa ƙaramar giya tun daga gaɓa, a tafi da saurin mai tafiya a ƙafa, a ɗan karkata zuwa inda ruwa ke gangarawa. Ba canza giya, ba tsayawa. In ruwa ya shiga inda injin ke shaƙar iska, fistan ba ya iya matsa shi, sai sandarsa ta lanƙwashe. In mota ta mutu a tsakiya, kada a sake tayar da ita, a kira lambar gaggawa 112. Inshorar haya kuma yawanci ba ta biyan ɓarnar ruwa.

Malam Direba: Gaskiya ne, Hajiya. A riƙe ƙofa gam yayin buɗewa, iskar can tana iya karya ta. Sauka daga hanya zuwa kan yashi ko gansakuka laifi ne mai tara, ko da don kauce wa kwatami ne. Mota tana tsayawa a Vikraborgir, daga nan tafiyar ƙafa ce ta kusan kilomita 2.5 zuwa Víti, ramin aman wuta da ke Askja, sau da yawa cikin dusar ƙanƙara ko a Yuli, sai a tanadi takalmi mai hana ruwa.