Dokar ɗaura bel a mota: ina iyakar idon ɗan sanda?

Malam Sa'idu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman ƙarin haske daga masana doka da masu sanin harkar hanya game da wani abu da ya daɗe yana damuna. Kwanakin baya wani jami'i ya tsayar da ni saboda ban ɗaura bel ba, kuma na amince da laifina nan take, domin gaskiyarsa ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya: ya leƙa cikin motar gaba da baya, ya tambaye ni inda na fito da inda za ni, ya nemi in buɗe but, daga ƙarshe har ya ce in miƙo masa wayata. Iyalina suna zaune a baya suna kallo. Tambayata ita ce, shin rashin ɗaura bel yana ba jami'i damar bincika duk abin da ke cikin mota? Kuma tun da ni ne zan ji ciwo idan hatsari ya auku, mene ne hujjar hukuma ta shiga tsakanina da abin da ya shafi jikina ni kaɗai?

Hajiya Rabi ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sa'idu. Zan ɗauki tambayarka ta biyu, domin na yi shekaru ina aikin jinya a sashen da ake kawo waɗanda suka yi hatsari, kuma ban yarda cewa lamarin ya shafe ka kai kaɗai ba. Idan mota tana gudu ta tsaya farat ɗaya, jikin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya da gudun da motar take yi, har sai ya daki sitiyari, ko gilashi, ko wani mutum. Fasinjan baya da bai ɗaura bel ba yana iya afka wa kujerar gaba ya hallaka direban da shi ya ɗaura nasa. Direban da ƙarfin karo na farko ya fizge daga mazauninsa kuwa ya rabu da sitiyari da birki a daidai lokacin da zai iya kauce wa karo na biyu, wanda yana iya rutsawa da masu tafiya a ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hatsarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar waɗanda ke gaban mota da kusan rabi. Tun 1959 injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel ɗin da ke riƙe ƙirji da ƙugu tare, amma yawancin mutane ba su kula shi ba sai da doka ta tilasta, kamar yadda jihar Biktoriya ta Ostareliya ta fara a 1970, Birtaniya kuma ta bi sahu ga mazauna gaba a 1983. Na sha zama da iyayen da suka rasa ɗa a hatsarin da sauran mutanen motar suka fita da ƙafafunsu, saboda haka ba na son a sassauta wannan doka ko kaɗan.

Barista Nuhu ya amsa:

Hajiya ta yi gaskiya, amma ƙorafin Malam Sa'idu na farko yana da tushe, kuma bai kamata amfanin bel ya rufe shi ba. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai dai ƙa'idar da yawancinsu suka ginu a kanta ita ce, ikon jami'i ya tsaya daidai da laifin da ya gani. Rashin bel laifi ne da ake gani da ido daga waje. Ba ya buƙatar buɗe but, balle waya.

Amurka ce ta fi yin muhawara a kan wannan, kuma tarihinta ya nuna yadda ƙaramar doka take zama mabuɗin babbar ƙofa. Jihar New York ce ta fara tilasta bel a 1984. Saboda tsoron da jama'a suka nuna cewa za a fake da bel a riƙa tsayar da mutane, jihohi da dama sun rubuta dokarsu ta yadda ɗan sanda ba zai tsayar da mota don bel kawai ba, sai idan ya riga ya tsayar da ita kan wani laifi dabam, jihar New Hampshire kuwa ba ta tilasta wa manya ba sam. Tsoron nasu ba na banza ba ne. A shari'ar Whren ta 1996, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa muddin akwai laifin hanya na gaskiya, tsayarwar ta halatta, ko da a zuciyarsa jami'in wani abu dabam yake nema. A shari'ar Atwater ta 2001 kuma, alƙalai biyar cikin tara suka amince da kama wata mata a jihar Texas, wadda aka tsayar tana tare da 'ya'yanta biyu, aka sa mata ankwa, kan laifin bel da hukuncinsa tara ce kawai. A ganina wannan hukunci ya wuce gona da iri, kuma shi ne irin abin da ke sa mutane su tsani dokar da aka yi domin ceton ransu.

Kotun dai ta ja wasu layuka daga baya. A 2014, a shari'ar Riley, ta ce ba a bincika wayar mutum ba tare da izinin kotu ba, ko da an kama shi. A 2015, a shari'ar Rodriguez, ta ce ba a tsawaita tsayarwa bayan an gama da laifin hanya domin neman wani abu, sai da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. Shawarata, Malam, ka duba dokar ƙasar da kake tuƙi a cikinta, ka nuna takardun da ta wajabta, ka tambaya cikin ladabi a kan wane dalili ake son binciken, ka faɗa a fili cewa ba da yardarka ba ne, sannan ka kai ƙorafi daga baya maimakon jayayya a bakin titi.

Injiniya Bala ya amsa:

Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba. A wurare da dama yanzu kyamara ce take yin aikin, ba mutum ba. Jihar Kwinsland ta Ostareliya ta fara cin tarar marasa bel da kyamara a 2021, jihar New South Wales ta ƙasar kuma a 2024, Ingila ma ta gwada irinsu. Ana kafa kyamarar a sama ta yadda za ta hango ƙirji da cinyar direba da na fasinjan gaba ta gilashi, manhaja ta tace hotunan, sannan ma'aikaci ya duba waɗanda ake zargi. Alherinta shi ne ba ta zaɓar wanda za ta tsayar saboda kamanninsa, ba ta neman a buɗe but. Illarta kuwa ita ce tana ɗaukar hoton kowa, mai laifi da marar laifi, tare da lambar mota da wuri da lokaci. Hukumomin suna cewa ana goge hoton da babu laifi a cikinsa ba da jimawa ba, amma ni abin da nake so in gani a rubuce cikin doka shi ne tsawon lokacin ajiya, da waɗanda aka yarda su kalli hotunan, da haramcin miƙa su ga wani aiki dabam, da wata hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa bin diddigi.

Malam Sa'idu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, maganarki game da fasinjan baya ta shige ni, domin ban taɓa tunanin cewa yaran da nake bari a sake a baya suna cikin haɗari, ni ma suna jefa ni a ciki ba. Daga yau motata ba za ta tashi ba sai kowa ya ɗaura. Barista, saura tambaya ɗaya: idan jami'i ya ce "buɗe but" ni kuma na buɗe saboda tsoro, ba tare da na furta komai ba, shin doka za ta ɗauki wannan a matsayin na ba da izini?